Tukwane Huɗu, Mata Tara

A kan tukwane muka yi rigima da Ɗan Sanyi, kuma har gobe ni ce da gaskiya.

Jikan yayata ne. Da ya yi aure na ba shi ɗakuna biyu na sama, shi da matarsa da ke aikin jinya. Sunan ni na laƙaba masa, saboda mutum ne da zai fito da safe ana zabga rana, kowa na sharce gumi, shi kuwa da rigar sanyi saɓe a kafaɗa. Wai ɗakin da yake aiki sanyi gare shi. Sunan ya bi shi har wurin aikin, yanzu ko manajansu da shi yake kiransa.

Ni kuma ina da manyan tukwane tun zamanin da nake dafa wa leburorin wata ma'aikata abinci. Da gwiwoyi suka ƙi, na jera su a ɗakin ajiya bayan kicin. Matan layinmu su tara suke aro in baƙi sun yi musu yawa, kowace da ƙyallenta: matar tela ja, matar direba shuɗi, Mai Kitso ruwan ɗorawa, uwar tagwaye wani kore mai ɗigo-ɗigo, haka dai har tara. In mace ta aiko cewa gobe tana son tukunyarta, sai in ɗaura ƙyallenta a kunnen tukunya in ajiye a bakin ƙofa. Kowace in tana magana sai ta ce, "Tukunyata da ke wajen Kaka." Ban taɓa gyara wa kowa ba. Ba ni da lokacin gyaran maganar mutane.

Wata Asabar da hantsi Ɗan Sanyi ya shiga ɗakin ajiyar ɗauko tsani. Ya fito ba tsani, fuska na walƙiya.

"Kaka, tukwanen nan huɗu ne."

"Na ce ka ƙirga?"

"Ƙyallaye tara na gani rataye a ƙusa. Tukwane huɗu."

"Tsani ka shiga nema ko ƙidaya?"

"Wato kowace tana zaton tana da tata, alhali kuwa..."

"Alhali kuwa bakinka ya fi ƙofar gidan nan faɗi. Rufe shi."

Bai rufe ba. Ya kife bokiti ya zauna yana dariya har da riƙe ciki. "Wallahi tsohuwa aikina ke nan. Abin da aka tura ni kwas na wata shida in koyo, ke kina yin sa da tsumma."

Duk wannan, matar tela tana bakin famfonmu tana tarar ruwa. Ruwan ya cika ya zube ba ta kashe ba.

Kafin azahar su taran suna tsakar gidana, kowace ta zo a nuna mata tukunyarta. Ban tashi daga kujerata ba.

Na ce, "Matar direba, shekararki nawa kina aro?"

"Sha ɗaya, Kaka."

"Wace rana kika zo kika koma ba tukunya?"

"Babu, Kaka."

"Kin taɓa jin ƙanshin girkin wata a ciki? Ni da nake durza su da toka har yatsuna su yi fari?"

"A'a."

"To ƙarfen kike so ki rungume, ko girkinki ya nuna?"

Mai Kitso, wadda bakinta ba ya hutu ko tana riƙe da tsinke a haƙori, ta ce, "In duk muka so rana ɗaya fa?"

Na ce, "Ku? Ku da ko ranar share kwata ba ku taɓa haɗuwa ba, sai yau da kuka haɗu a kaina."

Aka fashe da dariya, aka watse. Uwar tagwaye ta dawo daga bakin ƙofa ta raɗa min cewa gobe tana son tata. Shi kuwa Ɗan Sanyi kwana uku yana gaishe ni ina kallon bango. A na huɗu ya zo da man zafi, ya durƙusa ya shafa min a gwiwa da kansa, sannan na amsa da hanci.

Haka yake tun yana ƙarami. Ba ya iya ganin abu ya bar shi ba ƙirge ba, kuma abin da ya gani sai ya fito ta baki, ko a gaban wa. Ya taɓa gaya wa baƙon kakansa cewa haƙoransa goma sha tara ne. Ba mugunta ba ce, Allah dai ya ba shi kai ya rage masa a harshe. Da ya gama makaranta ya fara da jan wayoyi cikin silin na ofisoshi, kullum ya dawo da yanar gizo a gashi. Daga nan ya koma gyaran abin buga takardu, daga nan wani kamfanin dakon kaya ya ɗauke shi, mai manyan motoci fiye da ɗari. A can ya yi shekara tara yana kula da abin da suke kira rumbun bayanai.

Ranar man zafin nan na sa ya yi min bayani, tunda ya ce aikinmu ɗaya. Ya ce duk kwalin da ya shigo kamfanin, da motar da za ta ɗauka, da direban, da ƙofar da za a kai, a cikin rumbun nan ake rubutawa, kuma injuna ne ke riƙe da shi. Da can injuna goma sha biyu ne, kowane sashe da nasa, da suna liƙe a jiki. Masu tsara motoci da safe aikinsu yake, injinsu ya yi ta nishi kamar zai mutu, na 'yan sito yana gefe yana barci. Da rana na 'yan sito ya ɗauki nishi, na masu motoci ya kwanta. Masu amsa wayar jama'a sai da yamma. Goma sha biyu suna shan wuta da sanyi, a kowane lokaci biyu ko uku ke aiki, su ma ƙarfin bai ishe su ba.

Shi ne ya shawo kan manaja aka kwashe su, aka kawo manya huɗu. Ya haɗa ƙarfinsu wuri ɗaya, ya yanka wa kowane sashe nasa, ta yadda in mutum ya buɗe kwamfutarsa zai ga injinsa yana nan da sunansa da komai, kuma ba ya ganin na wani. Da safe ƙarfin ya gangara wajen masu motoci, da rana ya koma sito, ba wanda ya tashi daga kujera. Har ya ce in ɗaya cikin huɗun yana son gyara, yana iya juye aikin da ke kansa zuwa wani ba tare da an tsaya ba.

Na ce, "Tana tafasa ka juye?"

"Tana tafasa, kuma mai girkin ba ta sani ba."

Wannan kam na yarda ya fi ni. Ban dai gaya masa ba.

Wata bakwai abin na tafiya sumul. Sai wata Litinin ya dawo da yamma bai tsokane ni ba, bai ƙirga komai ba, ya haye sama. Matarsa ce ta sauko da ƙwaryar wake tana tsincewa ta ba ni labari. Shugaban sito, wani dattijo da suke ce wa Mai Makullai, ya tashi yin lissafin duk kayan da suka shiga suka fita a shekara, kuma da sassafe ya sa aka kunna, bai gaya wa kowa ba. Injunan suka ga sito na neman ƙarfi, suka yi ta tura masa, suka yi ta turawa har aka bar masu motoci ba komai. Mota arba'in suka tsaya a bakin get sa'a ɗaya da rabi, direbobi na ta danna hon, ba wanda ya san inda zai nufa. Manaja ya ce ranar Alhamis shugabannin sassa za su zauna. In suka ce a dawo wa kowa da injinsa, to da sababbin injunan da wanda ya kawo su duk za a yi waje da su.

Ta ce, "Kaka, kora ce fa. Ga ni da ciki wata biyar."

Na ce, "Tsince wakenki, kin bar tsakuwa biyu."

Washegari ya fita ya mance rigar sanyinsa a kan igiya. Shekara tara bai taɓa ba. Na naɗe ta a leda, na ɗauki sandata na tare tasi.

Mai gadi ya yi waya ciki, aka rataya min wani kati a wuya kamar akuyar sayarwa, aka ce in bi dogon baranda in jira a benci. Gaban bencin akwai ƙaton gilashi, bayansa ɗakin nan da nake jin labari. Ba taga, fari tas, ƙasan duk murabba'ai wasu da ƙananan huda. Akwatuna huɗu baƙaƙe masu tsayin kabad suna tsaye a jere, fitilu kore ƙanana na ta ƙyaftawa a jikinsu, wayoyi shuɗɗa an ɗaure su dami-dami an bi da su sama. Ko ta bayan gilashi kana jin gurnaninsu a haƙori. A gefe ɗaya, ƙasa ta nuna shatin inda tsofaffin suka zauna, goma sha biyu. Na ƙirga, don ni ma jininmu ɗaya da shi.

Wani dattijo mai tumbi yana tsaye ya kafa wa shatin kusurwa ido, da damin makullai a ƙugu da zai isa a yi wa jaki kaya. Ba sai an gaya min ko wane ne ba.

Ya ce, "Iya, wajen wa kika zo?"

"Ɗan Sanyi. Jikana ne, ba da son raina ba."

Ya ja numfashi. "Yaronku ba shi da laifin tarbiyya, amma ya ci mutuncina. Shekara goma sha huɗu injina yana wancan lungun, da sunan sashena a goshinsa. Jiya a gaban manaja na ce ya nuna min wanda ya maye gurbinsa in taɓa da hannuna. Ya dube ni ya ce ai ba shi da jiki, injin ƙarya ne. Wai duk namu na ƙarya ne. Ni da gemuna a ce wata bakwai ina aiki da ƙarya?"

Na ce, "Bai kyauta ba. Zauna ka huta, makullan nan da nauyi. Duk na sito ɗaya ne?"

Ai kuwa ya zauna. Mutum in ka tambaye shi aikinsa ka gama da shi. Ya ce sitonsa ya fi filin ƙwallo, kuma da ya karɓe shi ya tarar kowane babban mai kaya an ware masa ɗakinsa, rabin ɗakunan fayau, wasu kuma kaya har waje. Shi ya rushe wannan shirmen. Yanzu duk inda wuri ya samu nan ake sauke kaya a liƙa takarda, kuma bai taɓa ɓatar da ko allura ba.

Na ce, "Allah ya ƙara basira."

Da ya tafi Ɗan Sanyi ya fito, leɓe ya bushe, hannu a hammata. Na wurga masa rigar.

"Sa. Sannan ka gaya min wa ya aike ka ka ce ƙarya."

"Kaka, a littafinmu abin yana da suna. Da na zo faɗa da bakinmu sai na rasa kalma, ita ce ta fito."

"Aiki yake yi ko ba ya yi?"

"Yana yi."

"To ina ƙaryar? Shekara ashirin ina ba da aron tukwane, ka taɓa jin na ce wa mace ga tukunyar ƙarya? Tukunyarki nake cewa, ta ɗora ta tafasa. Kai an ba ka ilimi an hana ka ƙyalle."

Ya yi murmushin dole. Ya ce ko ya gyara kalma, motoci arba'in dai sun tsaya.

Na ce, "Uwar tagwaye in ka sake mata, huɗun za ta kwashe ta dawo ta tambayi murfi. Biyu ne iyakarta, ko gari ne ya sauka a gidanta. Kuma mai lotsattsen gindin nan ba ta fita sai ga wadda abu ya faɗo wa ba shiri. Naka injunan ba su san iyaka ba?"

"Sun sani. Akwai inda ake sa wa kowa iyakar sama, da kason da ba a taɓa masa ko me ake ciki."

"Ka sa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na bar shi a buɗe. Na ɗauka duk mai babban aiki zai faɗa min tukuna."

"Ka ɗauka mutane za su aiko tun jiya."

"Na ɗauka."

"Ni sai da na yi shekara biyar ina mayar da masu zuwa ba sanarwa kafin su koya. Kai ka kawo ƙarfe ka ce ya yi kunya."

Sannan na ba shi labarin siton Mai Makullai, yadda ya rushe ɗakunan masu kaya. Ya ɗago kai a hankali, idon nan ya fara walƙiyar da ya yi ranar tsani.

Na ce, "Kada ka faɗa masa. Tambayarsa za ka yi, shi ya faɗa da bakinsa. Kuma ka fara da laifinka, kafin wani ya riga ka."

Ba na cikin zaman Alhamis, amma na tatsi labarin daga bakinsa sau uku, kuma bai iya ƙari ba, don haka na yarda. Ya miƙe ya ce tsayuwar motoci laifinsa ne, ya bar ƙofa a buɗe, kuma ya rufe ta tun Talata. Yanzu kowane sashe yana da kason da ba mai taɓawa, da iyakar da ba zai wuce ba, abin da ke tsakani shi ke yawo wajen mai buƙata. Ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya: cikin wata bakwai, in an cire Litinin, wa ya taɓa nema ya rasa? Wa ya taɓa ganin bayanan wani a cikin nasa? Shugabar masu motoci ta ce gaskiya da can kullum safiya sai injinta ya shaƙe, yanzu ta manta da wannan.

Mai Makullai ya ce duk ya ji, amma shi dai a nuna masa injinsa.

Ɗan Sanyi ya ce, "Baba, in mai kaya ya zo sito ya ce a nuna masa ɗakinsa, me kake ce masa?"

"Ba shi da ɗaki. Kayansa dai suna nan, in ya nema a fito masa da su cikin minti biyar."

"Ajiyar ƙarya ke nan?"

Wai dattijo ya yi ta juya makullan da ke ƙugunsa. Can ya ce, "Tsohuwar nan ta benci, ita ta turo ka." Manaja ya tambaya wace tsohuwa.

Sai Ɗan Sanyi ya kunna musu abin da ya shirya: kowane shugaba in ya buɗe kwamfutarsa zai ga kasonsa da launinsa, yana kumbura in aiki ya yi yawa, yana sacewa in ya ragu, amma ba ya sauka ƙasa da layinsa. Ya ce kowa ya zaɓi launi. Nan aka yi rabin sa'a ana gardama, manyan mutane masu jikoki, domin mutum uku ke son ja. Mai Makullai ya samu, don ya fi su shekaru. Ba a ƙara tayar da maganar kora ba.

Matarsa ta haifi mace, mai ƙaramin baki, na gode wa Allah. Mai Makullai kuwa har gida ya zo gaishe ni, ya leƙa ɗakin ajiyata ya ce jerin bai yi ba, na ce ya je ya jera nasa.

Abin da ban hango ba shi ne, aikin ya yi kyau har ya wuce gona da iri. Bayan wata takwas kamfanin ya ce akwai reshensu a wani gari mai nisa, da injuna goma sha shida masu barci, Ɗan Sanyi ya je ya yi musu irin wannan, kuma shi ne shugaba a can. Wato da bakina na kore shi daga gidana. Na gaya wa matar direba cewa da na sani da na bar shi da kalmarsa ta ƙarya, ta ce ai ko yanzu ba a kore shi ba, na ce ke dai ba a yin zance da ke.

Ranar tafiya motar kamfanin ce ta zo kwasar kayansu. Matan layi suka fito rakiya. Yana ta ƙirga kwalaye, ya ƙirga ya sake, har direba ya gaji ya kashe mota. Na miƙa wa matarsa sabuwar rigar sanyi da na sa aka saƙa masa, na ce ta riƙa duba igiya kafin ya fita. Sannan ya zo ya durƙusa a gabana, wannan ƙaton, idonsa ya yi ja.

Na ce, "Tashi kada ka jiƙa min zani. Ɗakinka na sama yana nan. Duk ranar da ka zo, naka ne."

Ya share ido. Ya dubi sama, ya dubi ɗan matar tela da zai yi aure bayan wata biyu, ya dubi ƙanwar Mai Kitso da ke neman wurin zama kusa da makarantar da take koyarwa. Na ga leɓensa na motsi.

"Kaka, mu nawa kika gaya wa haka?"

Matar tela ta matso da kunne.

Na ce, "Kai dai ka yi waya kwana biyu kafin ka zo, za ka tarar da ƙyallenka a ƙofa. Shiga mota, kuma kada ka ƙirga."